Ƙawar da Na Rasa Sau Biyu

Yanzu idan aka idar da la'asar gidanmu yakan yi tsit. Mazan sun tsallaka Najeriya cirani, yara ba su taso daga lakwal, makarantar boko, ba, matar autana tana ɗaki tana danna wayarta. Ni kuma sai in jawo tabarma zuwa gindin katanga inda inuwa ta fara sauka, in miƙe ƙafafu, in zauna. Abin da ke shigo min kunne bai wuce ƙarar injin niƙa daga bayan kasuwa ba, sai 'yan kabu-kabu da ke wucewa da gudu za su Ɗan Issa. Da can a irin wannan lokaci Madarumfa ba ta da wurin da mutum zai ji shiru. Turmi ne ke amsa turmi daga wannan unguwa zuwa waccan, har mukan gane mai dakan tun ba mu ga fuskarta ba. Akwai mai saukar da taɓarya da nauyi kamar tana fushi da geron, akwai mai jefa ta sama ta tafa hannu kafin ta cafe. Jakuna suna kuka a hanyar tabki, shanu suna dawowa, wata uwa tana ƙwala wa ɗanta kira daga bakin zaure, kuma duk garin ya san ɗan wane ne ya yi laifi.

Mu 'yan mata aikinmu ba ya ƙarewa, amma ban tuna na taɓa yin shi ni kaɗai ba. Da sassafe ɗibar ruwa, tulu a ka, gammo na tsumma, raɓa tana jiƙa mana ƙafa. Da hantsi surfe da bakace. Idan damina ta yi nisa a kai wa maza fura gona, idan kaka ta yi a bi gonakin gyaɗa ana roro. Kakata ta wajen uba, wadda idonta ya riga ya tafi, tana zaune a ƙofar ɗakinta da mazari tana kaɗi, kuma da jin takun mutum take gane shi. Idan na shigo ina sauri sai ta ce, “Ke, tulun nan ya girme ki, ki tahi da shi a hankali.” Idan na ci tuwo a tsaye ta ce in zauna, abinci ba a cin sa kamar an sato. Yanzu famfo yana tsakar gida, 'yan matan ba su san nauyin tulu ba, kuma ba na yi musu baƙin ciki, domin wuyana har yau yana tuna min. Sai dai a hanyar ruwan nan muka san juna. Wadda ba ki taɓa jira ta gyara gammonta ba, ban san yadda za ki san halinta ba.

A wannan hanyar na san ƙawata. Gidansu yana can gefen gari wajen da ake gangarawa tabki, babanta malami ne mai ɗan rufin asiri, yana noma yana rubutun sha. Ta ɗan girme ni kaɗan, doguwa ce, baƙa, tana da wushirya, kuma ba ta iya dariya a hankali ba. Ba zan faɗi sunanta ba, domin tun da muka ƙulla ƙawance ban sake kiran ta da shi ba, ita ma haka. Ƙawa nake ce mata, Ƙawa take ce min. A lokacinmu ƙawance ba a baki kawai ake yin sa ba. Sai da na sa yayata ta kai mata lalle da goro a rufe da faifai, iyayenta suka gani suka amince, ita kuma ranar kasuwa ta maido min da abin da ya fi nawa. Daga ranar duk abin da ya same ni ya same ta. Idan an doke ni a gida, gidansu nake zuwa in yi kukan.

Wata shekara da kaka muka je cirar bado, mu da yawa. Ruwan ya ja baya, laka ta fito, furen badon yana can ciki yana ruɗar mutum kamar kusa yake. Na hango wani babba na ce sai na ciro shi. Ina takawa ƙasa ta ɓace a ƙarƙashina, na sha ruwa, saiwoyi suka naɗe min ƙafa. Sauran 'yan matan suka watse suna ihu za su kira maza. Ita ba ta gudu ba. Ta kwance zanenta ta jefo min bakinsa, ta kafa ƙafa a laka tana ja tana zagi na, wai mai kwaɗayi, wai idan na mutu me za ta faɗa wa innata. Da na fito ina amai sai ta zauna a lakar ta fashe da dariyar nan tata, ni ma na kama, har mazan suka iso suka tarar da mu muna dariya, aka haɗa mu aka yi mana faɗa.

Ba a yi damina biyu da wannan ba babanta ya ce zai tafi gabas. Haka ake cewa a lokacin, ba a cewa hajji kai tsaye. Mutum yakan sayar da abin da ya mallaka, ya ɗauki iyalinsa, ya kama hanya, inda guzuri ya ƙare ya tsaya ya yi noma ko ƙwadago, ya tara ya ƙara gaba. Wasu su dawo bayan shekaru da furfura, wasu a ji labarinsu a bakin matafiya, wasu shiru. Garin ya yi ta zuwa yi masa bankwana ana neman ya sa mutane a addu'a idan ya isa. Ni ban gane girman abin ba. Ina ganin kamar zuwa Katsina ne, tunda shi ma wuri ne da ban taɓa gani ba kuma mutane suna dawowa. Ina taya su daka garin guzuri, muna soya gyaɗa, muna wasa.

Ranar tafiyar, bayan an fito sallar asuba, aka ɗaure wa jakuna kaya. Mata suna kuka a ƙofar gida, maza sun yi da'ira ana fatiha. Na bi su har bayan gari ina riƙe da ƙullin kayanta. Da muka kai wajen wata tsohuwar kanya inda hanya ta rabu, babanta ya juyo ya ce min, “Ɗiyata, nan za ki tsaya. Allah shi yi miki albarka.”

Na miƙa mata ƙullin. Ta ce, “Ƙawa, kar ki yi wata ƙawa kafin in dawo.”

Na ce, “Yaushe za ki dawo?”

Ta dubi babanta. Ta ce, “In an cire gero.”

Na tsaya a gindin kanyar ina kallon bayansu. Ta waiwayo ta ɗaga min hannu, ta sake waiwayowa, daga nan karan dawa ya rufe su. Da na koma gida ban ci abinci ba. Kakata ta ji shigowata ta ce, “Yau takunki ya yi nauyi. Zo ki riƙe min audugar nan.” Ba ta lallashe ni ba, ba ta ce za su dawo ba. Na zauna kusa da ita ina miƙa mata auduga har rana ta yi tsaka. Ina ganin ranar ce yarintata ta ƙare, domin ranar na fara sanin cewa mutum yana iya tafiya yana raye kuma a rasa shi.

An cire gero, an sake cirewa. Duk wanda aka ce ya dawo daga gabas sai na laɓe a bayan zaurensa ina sauraro. Wani ya ce ya gan su a ƙasar Barno, wani ya ce sun haye Chadi, daga nan labari ya yanke. Na yi aure, na haihu, na binne wasu na raini wasu. Na yi abokan zama, na yi maƙwabta na arziki da muka ci muka sha tare, amma ban sake aika wa kowa lalle da goro ba, kuma ba don na riƙe alkawari da gangan ba, zuciyar ce ba ta sake kai ni ba. Aka yi yunwa, aka yi ƙoshi, aka shimfiɗa kwalta, aka kawo wuta. Maigidana ya rasu. Sa'o'ina suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, har na zama idan na ce “kin tuna” babu wadda zan ce wa. Ƙawa kuwa na daɗe da sa ta cikin waɗanda nake yi wa addu'a tare da matattu.

Babban ɗana, wanda ba na faɗin sunansa, shi ya tafi Saudiyya neman aiki. Yana can ya kira ni wata rana. Ya ce ya haɗu da wani mutumin Sudan a wurin aikinsu, yana jin Hausa, da ya tambaye shi asalinsu sai ya ce uwarsa kullum tana maganar wani gari mai tabki, Madarumfa. Ya ce, “Inna, na tambayi sunan kakansa, ya faɗa min. Malamin nan ne da kike ba mu labari.” Na ce masa ya tambaye shi ko uwarsa tana da wushirya. Na ji yana tambaya, na ji wani ya yi dariya daga gefe, kuma wallahi dariyar ce na fara ganewa kafin amsar.

Ashe ba su isa ba. Babanta ya rasu a hanya, a wani gari na bakin kogi inda Hausawa suka yi unguwa, uwar ta zauna nan da yaran, nan ƙawata ta yi aure ta tsufa. Kiran waya daga nan zuwa can abu ne mai tsada da ba na talaka ba. Amma yaran suka ce akwai wata hanya a cikin salula, ta wani kamfani na ƙasar Turawa, wadda ake magana ana ganin juna kuma ba a biyan kamfanin komai, in dai akwai rezo, wato layin da waya ke kamawa. Ba ta lambar waya ake neman mutum a cikinta ba, suna ake buɗe masa. Da ɗana ya dawo gida ya zauna Maradi, ya kawo min waya ya buɗe min suna, ɗanta ma ya koma ya buɗe mata. Ya nuna min wata 'yar alama a fuskar wayar ya ce, “Nan za ki taɓa, Inna, shi ke nan.”

Ranar farko na yi wanka na sa zanen salla kamar mai zuwa biki. Wayar ta yi ƙara, sai ga wata tsohuwa ta cika gilashin, ta yafa mayafi irin nasu, fuska duk ta tattare. Na dube ta, ta dube ni. A raina na ce an yi kuskure, wannan uwar wani ce. Sai ta buɗe baki ta ce, “Ƙawa? Ke ce kika tsufa haka?”

Na ce, “Ke kin ga kanki kuwa?”

Ta yi dariya, wushiryar ta zama gibi, haƙoran gefen sun zube. Daga nan sai kuka kawai, har ɗana ya karɓi wayar ya gaisa da mutanen can kafin mu dawo hayyacinmu.

Muka mai da ita duk Juma'a idan maza sun tafi masallaci. Shekaru muka yi a haka. Abin da ya fi ba ni mamaki Hausarta. Tana cakuɗa ta da Larabci, amma abin da ya rage Hausar kakata ce, irin wadda ba a yi yanzu, kalmomin da na manta ina da su. Garin da ke cikin kanta bai motsa ba tun ranar da ta bar shi. Takan tambaye ni mai saƙar nan na bakin kasuwa, in ce ya rasu tun ina goyon fari. Ta tambayi wadda ke tafa hannu a daka, in ce ita ma. Ta yi musu addu'a kamar jiya suka mutu, ni ma sai in ji mutuwar ta dawo min sabuwa. Amma ta tuna min abin da na zubar. Ita ta tuna min launin akuyar kakata, da ranar da ƙanena ya saci zuma kudan suka bi shi har cikin masallaci. Jikokina suna jin mu muna ƙyalƙyala dariya su leƙo su koma, ba su san abin dariyar ba, kuma ko na faɗa musu ba zai ba su dariya ba.

Wata rana ta ce tana son ganin tabki. Ƙafafuna sun riga sun fara ciwo, amma na ɗauki sanda, matar autana ta riƙe wayar, muka gangara a hankali. Wurin da gidansu yake yanzu shagon mai walda ne, na ce wa matar autana kar ta nuna wajen. Da muka isa bakin ruwa ta juya wayar. Masunta suna gyara koma, masu lambu suna ban ruwa da inji, balbelu sun yi fari a kan itatuwa. Hoton yana tsayawa yana tafiya. Can Ƙawa ta ce, “Ya ƙanƙance.”

Na ce, “Bai ƙanƙance ba, ke ce kika je kika ga kogi.”

Ta ce, “Ina kanyar da kika tsaya?”

Na ce an sare ta da za a yi hanya.

Ta ce, “To. Riƙe min wayar haka, kar ki motsa, in ji ƙarar ruwan.” Muka tsaya a rana har hannun yarinyar nan ya gaji. Ban san ko ta ji wani abu ba, iska ce kawai ke kaɗawa.

Sai yaƙi ya tashi a ƙasarsu. Da farko ta ce yana nesa da su. Daga baya Juma'a takan zo ta wuce alamar ba ta yi ƙara ba, sai a wata ranar da ban zata ba ta kira, ta ce wuta ce babu, ko rezo ne aka yanke. Sannan aka yi dogon shiru. Ina kwana da wayar a gefen matashi, ina tashi da ita. Rannan da hantsi ina tsince wake ta yi ƙara. Babu hoto, murya ce kawai, da hayaniyar mutane da kukan yara a bayanta. Ta ce sun bar gida, sun bar komai, an karɓe wayoyinsu a hanya. Wannan ta wani bawan Allah ce, ɗanta ya ara ya shiga da sunanta, domin sunan yana kansa ko da waya ta tafi.

Na ce, “Kuna ina?”

Ta ce, “Ban san sunan wurin ba, Ƙawa. Gobe ma za mu ƙara gaba. Ga ni da tsufa na koma tahiya irin ta babana.”

Na ce, “Ku taho gida. Ɗakina ya ishe mu.”

Ta yi 'yar dariya, ba irin tata ba. Ta ce, “Ke dai ki zauna inda kike. Kar ki bari a taɓa sunan nan naki. In mun samu wurin zama, ta nan zan neme ki.”

Na ce mata bari in kira yarinya ta karanto mata lambar ɗana su riƙe. Kafin matar autana ta fito daga bayan gida maganar ta yanke. Da yamma ɗana ya rubuta lambobinmu duka ya tura ta cikin abin, ya ce duk ranar da suka shiga za su gani. Kullum sai na sa a duba min ko an buɗe. Ba a buɗe ba.

Ana cikin haka ɗana ya zo daga Maradi ya zauna a bakin tabarmata, yana ta juya hularsa a hannu. Ya ce kamfanin ya aiko da sanarwa, za su rufe hanyar nan. Sun yi wata sabuwa, sun ce kowa ya koma can kafin ranar da suka sa.

Na ce, “Mi ya lalace a wannan ɗin?”

Ya ce, “Ba abin da ya lalace, Inna. Sun ce ta tsufa, ba ta kawo musu riba.”

Na ce, “To idan na koma sabuwar, ita za ta same ni?”

Ya ce sai idan su ma sun koma, kuma sabuwar ba da tsohon suna take aiki ba, sai mutum ya sake buɗe wani, ya sanar da mutanensa. Na ce ta ina za mu sanar da su? Na ce to ya je ya gaya wa masu kamfanin akwai wata tsohuwa a hanya, su dakata har ta samu wurin zama. Bai yi min dariya ba, Allah ya yi masa albarka. Ya ce, “Inna, babu wanda za a gaya wa. Ba su da ofis a nan, ba su da mutum. Kuma kyauta suka ba mu, ba mu da bakin magana.” Na ce ni ban roƙe su ba da suka kawo. Da ba su kawo ba, da mun nemi wata dabara tun da wuri, da mun rubuta lambobi a bango.

Ban yarda ya cire min alamar ba. Ranar da suka sa ta zo, na taɓa, sai wani rubutu ya fito da Faransanci, ba fuskarta, ba jerin kiran da muka yi, ba saƙon lambobin. Na sake taɓawa, rubutun dai. Bayan kwana biyu na sa aka ɗora ni a mota zuwa Ɗan Issa, wurin wani mai gyaran waya da ake yabo, dattijo ne mai furfura a gemu, yana da rumfa kusa da masu canji. Ya karɓa ya duba, ya miƙo min da hannu biyu. Ya ce, “Hajiya, wayarki lahiyarta lau. Daga can suka rufe. Tun shekaranjiya mutane ke zuwa min da wagga magana, har da direbobi masu 'yan'uwa a Libiya.” Na ce ba Hajiya ba ce ni, ban je ba. Ya ce Allah ya nufa. Na tambaye shi, idan mutum ya zo daga nesa ya shiga da sunansa yana neman wani, me zai tarar? Ya ce abin da na tarar.

Wannan ita ce maganar da ke hana ni sukuni. Ina ganin ta a raina ta samu wurin zama, ko a wani sansani ko a gidan wasu, ɗanta ya yi ta roƙo har ya samu aron waya, ta gyara mayafi ta zauna tana jira, sai rubutu ya fito. Ba ta iya karatun boko ba, kamar ni. Ina tsoron ta ɗauka ni ce na taɓa sunan. Ɗana ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya nemi waɗanda suka yi aiki tare a Saudiyya, ya sa cigiya a wurare da yawa cikin wayarsa, ya buɗe min suna a sabuwar hanyar da irin tsohon sunan ko Allah zai sa. Mutane suna ta turo addu'a, wasu suna cewa su ma nasu sun ɓace. Wanda ya san inda suke bai fito ba.

Tafiyarta ta farko na raka ta, na ga bayanta, na san hanyar da ta bi, kuma ina da ƙuruciyar da zan jira. A lokacin hanya ba ta da mai ita. Ko shekara nawa mutum ya yi, idan ya juyo zai tarar da ita inda ya bar ta, ya tambayi gida a nuna masa. Yanzu an kawo mana hanyar da ta fi kowace sauri, na zauna a tsakar gidana na ga cikin ɗakinta a wata ƙasa, kuma ba zan ce ban gode ba, domin shekarun nan da muka samu ba na musanya su da komai. Amma ban san cewa hanyar tana da mai ita ba, kuma yana iya naɗe ta ya tafi ba tare da ya san waye ke kai ba. Jikokina ba su damu ba, sun koma sabuwar tun ranar farko, sun ce ta ma fi kyau. Su duk mutanensu suna kusa, kuma suna da lokaci.

Da abin ya daɗe, na aika a tambayar min limamin unguwarmu ko ya halatta in yi mata sadaka, tunda ban san halin da take ciki ba. Ya aiko cewa sadaka tana isa ga mai rai, tana isa ga mamaci, in yi abina. Na sa matar autana ta jiƙa shinkafa, da safe ta soya waina mai yawa, aka zuba a kwanuka za a rarraba wa maƙwabta. Kafin a fita da su sai ga maƙwabciyarmu ta shigo, ta ga kwanukan a jere, ta dafe ƙirji ta ce, “Inna, lahiya? Wa aka rasa ba mu ji ba?”

Na ce ba a rasa kowa ba, ta ƙawata ce ta gabas.

Matar autana ta tsaya da kwano a hannu ta ce, “To Inna, in sun tambaya mi za su ce? Allah ya jiƙanta, ko Allah ya ba ta lahiya?”

Na daɗe ina kallon kwanukan.

Na ce, “Ku ce su ce Allah ya kai mata. Shi ya san inda take.”

Suka ɗauka suka fita gida gida. Sun bar min guda biyu a ɗan kwano. Na ci ɗaya, na rufe ɗayar.